Yaya Isiyaku da Ganin Inna da Ya Tarwatse

Shekara talatin ke nan da rasuwar yayana Isiyaku, amma har yau in damina ta kankama a Douala, nan ƙasar Kamaru, ba na iya zama wuri ɗaya. Sai in tashi in gyara abin da yake a gyare, in leƙa ƙofar gida, in dawo, in sake tashi. 'Ya'yana sun ɗauka rikicin tsufa ne. Ni na san ba shi ba ne. A irin wannan lokaci ya tafi, ya bar ni da gardamar da ba mu ƙarasa ba. Gardama da mamaci kuwa akwai wuya, don mutum shi ke kawo hujja, shi ke ba kansa amsa.

Waɗanda suka san shi a unguwarmu ta New Bell sun ragu ƙwarai, shi ya sa zan ɗan kwatanta shi. Dogo ne, siriri, mai tabarau, yana tafiya kamar wanda ya bar tukunya a kan wuta. A unguwar Hausawa aka haife mu, kamar yadda aka haifi mahaifinmu. Kakanmu ne ya zo daga arewa da fataucin goro, bai koma ba. Baba ya rasu ina goye, Inna ce ta riƙe mu da kaskon masa a ƙofar gida. Yaya ya girme ni da kusan shekara goma. Ya haɗa allo da boko, kansa ya ja sosai har aka tura shi Faransa karatu. Mu a gida cewa muke likita zai zama. Sai daga baya muka gane ba irin likitan da ke ba da magani ba ne. Bincike yake yi a kan yadda mutum yake gani.

Ranar da aka yi wa Inna wannan bayani, dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta ce, "Da ido mana! Wannan ne sai an je Faransa?" Ita kam tana da bakin faɗin haka, don a duk layinmu babu mai ido irin nata. In za a haɗa lefe, ita ake zuwa a ɗauka a shiga kasuwa. Kallo ɗaya za ta yi wa atamfa daga nesa ta ce wannan za ta zuba, waccan ta dace da amarya, wancan ɗankwalin ya fi ƙarfin zanen.

A farkon shekarun nan da muke kira la crise, lokacin da ma'aikata suka fara zaman gida kuma masu sayen masa suka koma sayen rabi, Inna ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo. Ta daɗe da hawan jini, maganin kuma sai in ta tuna. Bayan 'yan kwanaki a asibiti ta miƙe. Hannu na aiki, ƙafa na aiki, baki bai karkace ba. Muka yi ta hamdala. Da safen da muka dawo gida ina shara, sai na ji ta ce, "Bilki, wa ya watsa manja a bango?" Na duba, bango fes yake. Kwalbar manja tana ajiye a ƙasa kusa da shi, ba wanda ya taɓa ta. Na ce, "Inna, ba komai a bango." Ta juyo wajena, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce a hankali, "Muryarki nake ji, amma ɗan kunne kawai nake gani yana magana."

Daga nan abin ya yi ta fitowa fili. In ta zuba kunu, gefen kofi yake zuba. In ta ga cokali ba ta ganin kwanon da yake ciki, in kwanon ya bayyana sai cokalin ya ɓace. Launin abu yakan bar mai shi ya koma jikin na kusa da shi: koren bokiti ya hau kan akuya, jan tumatir ya hau farin faranti. Muka kai ta wajen likitan ido, ya haska, ya gwada, ya ce idonta ya fi nasa lafiya. Wannan magana ita ta fi cutar da mu. Da zarar an ji ido lafiya lau, sai kowa ya kawo tasa fassarar. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce jifa ne daga masu kishin cinikinta, wata maƙwabciya ma ta ce a bayan idonmu shagwaɓa ce ta uwar ɗan Turai. Kawu Sale, ƙanin Inna, ya shiga nemo malamai. Ni kuma na je gidan waya na kira Yaya.

Na zaci zai firgita. Sai na ji yana yi mini tambayoyi kamar ɗan sanda. Shin tana gane launi in abu ɗaya ne a gabanta? Tana ganewa. In na ɗaga mata ludayi da muciya tare, me take cewa? Ɗaya take gani. In ta miƙa hannu, tana samun abin? Tana kuskurewa. Sannan ya ce, "Kada ki bar ta kusa da wuta. Ina zuwa."

Ya sauka a cikin ranakun nan da ake rufe gari saboda zanga-zangar siyasa, ba tasi, ba kasuwa, sai hayaƙin tayoyi a kowace mararraba. Da ƙafa ya tako daga filin jirgi, jaka a ka, da yake ba nisa da unguwarmu. Ya shigo ya durƙusa gaban Inna ya gaishe ta. Ta ce, "Isiyaku, kai ne? Tabarau nake gani." Ya cire. Ta ce, "Yanzu kuma kunne." Ya yi dariya don kada ta ji nauyi, ya ce ai kunnen nata ne, ita ta saba jan shi.

Bai hana Kawu Sale kawo malamai ba. Shi da kansa yake riƙe wa Inna ƙoƙon rubutu don kada ta zubar. Abin da ya ƙi yarda da shi kawai a ce ta haukace ko tana ƙarya. Wata la'asar ya zaunar da ni a tsakar gida ya yi mini bayanin da har yau ban manta ba, ko da yake ban taɓa zaman ajin kimiyya ba. Ya ce ido ƙofa ce kawai, can ciki wajen ƙeya ake yin ainihin gani, kuma ba a wuri ɗaya ake yi ba. In jan babur ya wuce ta gabana, akwai ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da aikinsu ja ne, akwai waɗanda siffa suka sani, akwai masu kula da motsi da inda abu yake. Kowanne na ɓangarensa. Ya ce an duba an sake dubawa, ba a sami wani ɗaki a cikin kai inda ake tara su a manna su kamar hoto ba. Amma ga shi babur ɗaya nake gani, ja, yana gudu. To ta yaya jan ya san na babur ne, ba na rigar mai tafiya a gefe ba?

A lokacin ana daka a gidan bayanmu, ana shirin suna. Ya ɗaga yatsa ya ce in saurara. "Turmi nawa kike ji?" Na ce biyu. Ya ce, "Kin gan su?" Na ce a'a. Ya ce, "To ta yaya kika sani?" Na ce ai lugude ne, masu turmi ɗaya bugunsu tare yake tafiya, na ɗaya turmin kuma daban. Ya tafa hannu har Inna ta tambaya daga ɗaki ko lafiya. Ya ce abin da suke zato ke nan a wurin aikinsu. Ƙwayoyin da ke ba da labarin abu ɗaya sukan daidaita bugunsu, su riƙa harbawa tare a kan kiɗa ɗaya mai saurin gaske, wajen sau arba'in a daƙiƙa guda, ko da suna nesa da juna. Waɗanda ke kan wani abin daban sai su kama nasu kiɗan. Ta haka ƙwaƙwalwa ke sanin wane launi ne na wace siffa.

Ya ba ni labarin ɗakin bincikensu, wanda yake kira labo. Sukan sa wa kyanwa maganin barci, su sa wasu wayoyi masu siririn gaske a ƙwaƙwalwarta, su haɗa da lasifika, sannan su gilma mata sandar haske a gaban ido. Ya ce ƙarar kamar yayyafi ne a kan kwanon rufi. In sanda ɗaya ce doguwa take wucewa, sai ƙwayoyi na nan da na can su riƙa bugawa tare. In aka raba ta biyu, kowace ta nufi gabanta, sai bugun ya rabu. Ya ce ranar da ya fara ganin haka a kan takarda, ya kasa cin abinci.

Na ce, "To, Yaya, luguden Inna ne ya watse?" Ya ce, "Ban sani ba, Bilki. Na san jini ya ɓata mata wasu wurare a kai, hagu da dama, wajen da ke kula da inda abu yake. Ko kiɗan ne ya lalace, ko hanyar da yake bi ce ta yanke, ko kuwa mu ne muka yi kuskure tun farko, wallahi ban sani ba." Haka yake. Bai iya ƙara wa magana gishiri ba, ko da mai sauraro yana roƙon a ƙara masa.

Kwanan baya 'yata Nafisa, wadda ke aikin jinya, ta karanta mini wani bayani a wayarta, ta fassara mini daga Faransanci. Ashe har yanzu masana ba su daina jayayya a kan wannan batu ba. Wasu sun tsaya a kan cewa daidaituwar bugun nan ita ke ɗaure gani ya zama guda. Wasu sun ce kiɗan yana nan, ba a musu, amma ba shi ke yin ɗaurin ba, kamar ƙarar inji ce da ke tashi in ana aiki. Wasu kuma sun ce kiɗan ba ɗaya ba ne, akwai mai sauri da mai nawa, kuma mai nawan ke tsara lokacin da hankali zai kama abu ya saki. Na zauna ina tunanin abin da Yaya zai ce. Wani sa'in in ga zai yi murna, don tambayarsa ba ta mutu ba. Wani sa'in in ga zai tashi ya yi ta zagaye tsakar gida yana cewa, duk shekarun nan, da duk na'urorin nan, me suke jira? Na fi zaton na biyun.

Ya so ya ga kiɗan kan Inna da idonsa. A wani asibiti cikin gari akwai tsohuwar na'urar awon ƙwaƙwalwa, wadda ake yi wa masu farfaɗiya amfani da ita. Yau a ce ba takarda, gobe a ce ba wuta, jibi ma'aikata na yajin aiki. Ya yi ta sintiri har aka dace. Inna ta ce ba za ta buɗe kanta gaban namijin da ba nata ba, don haka ni na tsefe mata kitso, na riƙa manna wayoyin inda Yaya ya nuna. Na'urar tana da alƙaluma jere, suna zane a kan doguwar takarda mai tafiya. Ya ce ta rufe ido. Nan take alƙaluman da ke ɗauko saƙon ƙeya suka shiga kaɗawa a tare, sama da ƙasa, kamar ruwan kogin Wouri in iska ta taso. Ya ce ta buɗe. Sai zanen ya ƙanƙance ya zama 'yar karkarwa. Ya sake sa ta rufewa, kaɗawar ta dawo. Ashe duk tsawon rayuwarta akwai abin da ke kaɗawa a cikin kanta, ba ta sani ba, ba mu sani ba.

Ya yago takardar ya kai mata gaban fuska. "Inna, ga shi, ƙwaƙwalwarki ce ke kiɗa." Ta ce layi ɗaya take gani kamar sawun tsutsa. Sannan ta ce, "To ka gani. Ka warkar?" Ya ce, "A'a, Inna." Ta ce, "Ashe karatun naka na kallo ne." Ta faɗa ne cikin wasa, tana ɗaura ɗankwali. Shi bai ji shi a wasa ba. A hanyar dawowa ya gaya mini cewa wannan kiɗa mai nawa ne, na hutun ido, kowace tsohuwar na'ura tana kama shi. Wanda yake nema, mai saurin nan, alƙalami ba ya iya binsa ta bayan ƙashin kai. Na'urar da za ta taimaka masa tana Faransa, Inna kuma tana New Bell.

Hutun wata biyu ya ɗauka. Ya zama shekara huɗu. Malaminsa na can yakan bar saƙo a gidan waya, yana cewa wurinsa na nan, ya dawo. Yaya ya ce bayan damina. Damina ta wuce, ya ce bayan azumi. Ya sami koyarwa a wata makarantar kuɗi wajen unguwar Kassalafam, inda albashi yake zuwa in ya ga dama. Darajar sefa ta faɗi, tafiyar da da ma take da wuya ta ƙara nisa. Abokansa na ƙuruciya da suka yi digiri suka koma tuƙa babur ɗin haya, wanda a nan muke ce wa bensikin. Shi bai hau babur ba, tafiya ya kama. In ya tashi daga makaranta ba ya iya zama. Ya zaga kasuwa, ya bi layin dogo, ya dawo jagab da ruwa, ya tsaya bakin ƙofa yana kaɗa ƙafa. Mutanen unguwa suka fara cewa boko ya taɓa shi.

Da zai ga New Bell ta yau, ban san ko zai gane ta ba. Baburan da a lokacinsa ake ƙirgawa yanzu sun fi ƙudaje, kowa kuma kansa a sunkuye kan waya, hoto na bin hoto kafin ido ya gama da na farko. Rannan na ga wani saurayi yana tsallaka titi yana kallon wayarsa, babura na gilmawa gaba da baya, bai ko ɗaga kai ba, kuma ya tsallaka lafiya. Na ce a raina, da Yaya na nan da ya bi yaron nan ya tare shi ya tambaye shi abin da ya gani da abin da bai gani ba. Ba faɗa zai yi masa ba. Tambaya ce za ta hana shi sukuni, kamar kullum.

Amma kada in zalunce shi in ce yawo kawai ya yi. A cikin shekarun nan ya mai da gidanmu wurin da Inna za ta iya rayuwa. Ya sauke duk hotuna da kalandu da jeren kwanukan ado daga ɗakinta, ya shafe bango da farar ƙasa. Ya samo baƙin faranti da farin kofi, ya ce abu ɗaya a gabanta a lokaci ɗaya. In za ta sha ruwa sai a ƙwanƙwasa bakin kofi da cokali, hannunta ya bi ƙarar. Kowane kaya ya sami wurin zamansa, ba a matsar da shi. Babban abin da ya yi mata kuwa, shi ya gano cewa atamfa ce ta fi ƙarfinta saboda yawan zane, amma in aka shimfiɗa mata shadda mai launi ɗaya a kan baƙin zane, idonta na da yana nan daram. Ta kalla, ta shafa, ta ce wannan rinin na jiya ne, ba zai kai Sallah ba. Sannu a hankali mata suka dawo, suna kawo mata shadda ɗaya bayan ɗaya. Ranar da maƙwabciyar nan mai maganar shagwaɓa ta shigo da tata a leda, Inna ta kwana biyu tana nishaɗi.

Ita Inna ba ta taɓa cewa ya zauna ba. Sau da yawa ta ce masa, "Ka koma ga kyanwoyinka, ga Bilki nan." Har Yaya ya taɓa sa ranar tafiya. Ana saura 'yan kwanaki, sai ta faki idonmu ta hura wuta, don ta nuna masa za ta iya suyar masa kamar da. Ta ga ludayi, ba ta ga kasko ba. Ta tsoma yatsu cikin mai. Da ya dawo ya tarar ana ɗaure mata hannu. Ya buɗe jakar da ya haɗa ya mai da kayan cikin akwati.

A makon ne muka yi gardamar da na ambata. Ina wanke-wanke a bakin famfo, shi yana tsaye yana rubuta abin da Inna ta ce ta gani da safe, don kullum sai ya tambaye ta ya rubuta. Raina ya ɓaci. Na ce, "Yaya, ni na iya kula da ita. Kai ka kashe kanka a nan, ka hana kanka, ka hana mu abin da muka sa rai. Ka gaya mini gaskiya, don Inna ka zauna, ko don ka sami abin da ya fi kyanwa?" Na zaci zai daka mini tsawa. Sai kawai ya ce, "Na tambayi kaina kafin ki tambaye ni. In na dube ta, uwata nake gani, ina kuma ganin abin da na bar gida na tafi nema. In na koma can, na'ura ce a gabana, ita ba ta nan. In na zauna, ga ta, amma hannuna ba komai. Ki zaɓa mini." Na ce ba ni zan zaɓa masa ba. Ya ce, "To ki bar ni in yi ta zagaye." Ya sa takalmi ya fita.

Har yau ban janye tambayata ba, kuma har yau amsarsa ba ta ishe ni ba. Wani lokaci in ce ɗa ne na gari, ya sayar da duniyarsa ya sayi albarkar uwa. Wani lokaci in ce da ya koma, wataƙila da ya kai ga abin da zai amfani dubban irin Inna, da kuma yana raye. Ba ni da ma'aunin da zan auna waɗannan biyun.

A daminar da ta biyo baya ruwa ya cika unguwa, kwatoci suka haɗu da rijiyoyi. Zazzaɓi ya kama shi, ya ce na sauro ne, ya sha ƙwaya ya ci gaba da zuwa makaranta don yara na gab da jarrabawa. Ashe taifot ne. Kafin ya yarda a kai shi asibiti ciwon ya huda masa hanji. An yi masa aiki, likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu da abin da suke da shi. Ya cika da hantsi, ranar wata Laraba, bai kai shekara arba'in ba.

Bayan an yi masa wanka an sa shi a likkafani, kafin maza su ɗauka, Inna ta ce a kai ta. Kawu Sale ya riƙe ta, ya zaunar da ita daidai kansa, ya buɗe fuskar. Muka ga idonta yana yawo yana nema. Ta ce, "Gemu." Can ta ce, "Goshi." Ta jira, ta sake jira, kamar mai sa ran in ta yi haƙuri sassan za su taru mata ko sau ɗaya. Sai ta ce, "Komai ya koma fari." Ta ɗora tafin hannunta mai tabon ƙuna a kan fuskarsa, ta bi ta daga goshi zuwa haɓa, ta yi masa addu'a, ta yafe masa. Da Kawu ya ɗaga ta, sai ta ce da shi, ba kuka a muryarta, "Sale, rabona da ganin yaron nan gaba ɗayansa tun ranar da muka raka shi filin jirgi."

Inna ta yi shekaru bayansa, ganinta bai dawo ba, amma ba ta sake ƙonewa ba, ba ta kuma zama abin tausayi a unguwa ba. Har ta rasu ana kawo mata shadda. Shi kuwa, na sa Nafisa ta nemi sunansa a cikin rubuce-rubucen masana, ba ta same shi ba. Waɗanda suka zauna tebur ɗaya da shi a labo sun zama manya, an san su. Takardun da ya riƙa rubuta maganganun Inna ruwan wata damina ya cinye su. Bai yi aure ba, bai bar ɗa ba. In da abin da mutum ya bari a rubuce ake auna shi, to Yaya Isiyaku bai bar komai ba, kuma wannan na cikin abin da ke hana ni zama.

Sai dai a watan jiya mijin Nafisa, wanda ɗan unguwar Ndogpassi ne, bai taso cikinmu ba, ya yi mata wata tambaya a gabana. Ya ce ya lura duk mutanen gidanmu, in za su shiga ɗaki, bayan sallama sai sun faɗi sunansu, su tsaya cak a bakin ƙofa na ɗan lokaci, sannan su shigo ɗaya bayan ɗaya, ko da wanda ke ciki yana kallonsu ƙuru-ƙuru. Ya ce al'adar Hausawan New Bell ce? Nafisa ta ce ita dai haka ta taso ta gani, ta ɗauka ladabi ne. Ba ta san dokar Yaya ba ce. Shi ya kafa ta, don Inna ta sami lokacin haɗa murya da mai ita, kada mutane su afka mata a tarwatse. Wadda aka yi dokar dominta ta daɗe a ƙasa, wanda ya yi ta ya riga ta, amma 'ya'yana suna yi, 'ya'yansu ma sun fara, ba wanda ya san dalili.

Na buɗe baki zan ba su labari, sai na fasa. Na tashi na shiga ɗakin da yake na Inna, wanda yanzu buhunan shinkafa ne a ciki. Sai da na kai tsakiyar ɗakin na lura cewa na tsaya a bakin ƙofa, na ce, "Ni ce, Bilki," na jira. Allah ya jiƙan Yaya Isiyaku, ya jiƙan Inna, ya haɗa su a inda za ta gan shi gaba ɗayansa.